Uwar da Ba Ta Kiran Sunan Ɗiyarta

Shekaranjiya ɗaya daga cikinku ta leƙo ɗakina ta gan ni zaune a tabarma ina hura kumfar sabulu da wani yaro, ta koma ta ce wa ƙawarta, "Ashe aikin Malama Kulu wasa ne kawai." Na ji ki. Gwiwata ce ta tsufa, kunnena yana nan garau. Ba zan faɗi sunanki ba, ke kin san kanki, mai jan mayafi. Tunda an turo ku ku huɗu daga makarantar koyon aikin lafiya ku zauna da ni wata uku, kuma na lura kun fi yarda da abin da ke kan takarda bisa abin da tsohuwa ta faɗa da baki, to ga shi na rubuta. Rubutuna ba shi da kyau, sai da na haifi biyar na fara riƙe fensir, amma yana karantuwa.

Ni ba da wannan aiki na tashi ba. Bandar kifi nake yi a bakin ruwa wajen Wara, har hayaƙi ya ja mini ido ya bar shi ja. Wata rana ɗana ya kawo takarda daga makaranta, na riƙe ta a juye ina gyaɗa kai kamar mai fahimta, yara suka fashe da dariya. A makon nan na shiga ajin yaƙi da jahilci, ina da shekara talatin da biyar, ina zama benci ɗaya da sa'annin ƙannena. Da muka koma Yelwa na sami aikin shara a wani ƙaramin asibiti, a nan na tarar da Sista Rifkatu. 'Yar ƙauyukan tudu ce, ta yi karatun gyaran maganar yara a can nesa ta dawo gida. Tana jin Kambarci amma ba ta jin Gunganci, ni kuwa na koye shi a bakin ruwa wajen cinikin kifi. Da tsintsiya a hannuna ta kira ni in yi mata tafinta, daga nan ban sake komawa shara ba.

Yaron farko da ta zaunar da ni gabansa mai in'ina ne, ɗan shekara huɗu. Ta ce in tambaye shi abu ɗaya, sannan in ƙirga goma a zuciyata kafin in sake buɗe baki. Ni da duk kasuwar kifi ta san bakina! Yaro ya fara "ga, ga, ga", kafin ya kai ƙarshe na ce masa "gyaɗa", wai ina taimakonsa. Ashe garwa yake nufi. Ya dube ni ya rufe baki, ranar bai ƙara cewa komai ba. Sista ba ta yi faɗa ba. Ta ɗebo ruwa a kofi ta ce in guntsa, kada in haɗiye, kada in zubar, sai an tashi. Wata biyu ina zama gaban yara da ruwa a kumatu kamar kwaɗo. A nan na ga abin da ban taɓa gani ba da 'ya'yana biyar: yaro yana da maganarsa, mu manya ne ba mu bar masa wurin da zai ajiye ta ba. Wannan ruwan ku ma za ku guntse shi, kuma mai jan mayafi ce za ta fara.

Kayan aikin da kuke yi wa kallon raini kowanne da dalilinsa. Madubi don yaro ya ga inda harshensa yake zuwa. Kumfa da gashin zabo da bututun shan lemo don ya koyi tara iska da sakinta a hankali, ya kuma koyi jiran layinsa: ni in hura, kai ka hura. Hira ma ai haka take. Akwai wasu katuna masu hotuna da aka aiko wa Sista daga waje, da jirgin ƙasa da tuffa da wani kare sanye da riga. Na taɓa zama da wata yarinya 'yar tunga ina nuna mata su ɗaya bayan ɗaya, ba ta san ko guda ba, har na rubuta cewa ba ta da kalmomi. Da muka fito ta ga mai tallan kifi, sai da ta lissafa mini sunan kowane kifi a tiren, har da wanda ni mai banda na manta. Tun ranar na cika kwando da ludayi da ƙoƙo da ɗan guntun komar kamun kifi da ƙaramin filafilin tuƙa kwale-kwale da totuwar masara. Kuma kafin ku taɓa kwandon nan, ku duba kunne. Ku tsaya bayan yaro ku kira shi, ku leƙa ko akwai ruwa ko mugunya. In kunne ne, a kai shi wurin likita, ba aikinmu ba ne tukuna.

Yaran ba su taɓa gajiyar da ni ba, iyayen ne. Uba zai biya kabu-kabu tun daga Shanga, ya zauna ya ga ina wasa da ludayi, ya ce, "Malama, ba allura?" In na ce babu, sai ya ɗauka an raina shi. Rabinsu kuma kafin su zo sun biya ta wurin wanzami an yanke wa yaro linzami, 'yar tsokar nan da ke ƙarƙashin harshe. Ba na cewa ba a samun yaron da linzami ya riƙe wa harshe. Ana samu, amma kaɗan ne ƙwarai. Sauran an zubar musu da jini ne a banza, an kuma koya musu cewa duk wanda ya ce "buɗe baki" mugu ne. Ga kuma gidan da mutum goma za su kewaye yaro ɗaya: "Ce Baba! Ce Inna! Kai, ce mana!" Ko kai babba aka yi wa haka, ai sai harshenka ya ɗaure.

Shekarar da ta fi ba ni wuya ita ce wadda mutanen ƙauyuka suka yi ta gudun 'yan bindiga suna shigowa Yelwa, suka cika kangaye da barandun makarantu. A shekarar ce kuma Sista ta ajiye aiki ta koma gida jinyar mahaifiyarta, ta bar ni da ɗaki da kwando. Yaran da aka riƙa kawo mini ba irin waɗanda na saba da su ba ne. Waɗannan da can suna magana, wasu har da karatun allo, sai abin ya tsaya cak, ko in'ina ta kama su rana tsaka. Harshensu lafiya lau, kunnensu lafiya lau. Na hura wa wani yaro usur don in ja hankalinsa, kafin in sauke hannu ya shige ƙarƙashin benci yana makyarkyata, sai da uwarsa ta ja shi da ƙafa. Usur ɗin yana ƙasan akwati har yau. Da kaina na lalubo hanya, ina kuskure ina gyarawa. Tabarma ɗaya kullum, wuri ɗaya, yaro yana fuskantar ƙofa don ya ga mai shigowa. Kafin in yi abu sai in faɗa masa zan yi. In ajiye masa abu biyu ya zaɓi ɗaya, ko da yatsa ne, don yaron da aka fizga aka gudu da shi cikin daji ya daɗe ba a tambaye shi me yake so ba. Ba na ce masa ya ba ni labarin abin da ya gani. In hankalinsa ya kwanta, magana takan biyo baya da ƙafarta.

A cikin wannan shekara aka kawo mini Takwara, ita kuwa ba gudu ya taɓa ta ba, ruwa ne. Ubanta, Malam Sani, masunci ne a wata tunga tsakanin Yelwa da Wara. Yarinyar shekararta shida, sunanta na yanka Rakiya, sunan mahaifiyar Malam Sani aka mayar mata, tsohuwar ke ce mata Takwara har sunan ya bi ta. Sun je suna a wani gungu, wato tsibiri, ita da kakar, a hanyar dawowa iska ta taso, kwale-kwalen ya hau kan kututturen wani itace cikin waɗanda tafki ya shanye, ya kife. Masu su suka ciro yarinyar. Tsohuwar sai bayan kwana biyu aka same ta. Wata biyar ke nan Takwara ba ta ce uffan ba, yarinyar da uban ya ce a da sai an roƙe ta take yin shiru.

Na ce ta buɗe baki, ta damƙe leɓe ta ja da baya. Nan na gane.

"Kun kai ta wurin wanzami," na ce.

"Awo, Malama. Amma an ce bai yanka da zurfi ba. Akwai wani a Ngaski, shi hannunai ya fi kaifi."

"Kai ɗan nan, yarinyar da ta yi shekara huɗu tana surutu, yaushe linzami ya tsiro mata? Cikin ruwa ya kama ta?"

Ya sunkuyar da kai, amma bai sauka daga kan maganarsa ba. Ya ce 'yan uwansa sun dame shi, ana ta ce masa ya zuba ido ɗiyarsa za ta zama bebiya. Ya ba ni kasuwa huɗu. In kasuwar Yauri ta ci sau huɗu ba ta yi magana ba, ranar ta huɗun zai ɗora ta a mashin ya kai ta a sake yankawa. Na gaya masa magana ba kifi ba ce da za a ce ranar kaza za ta shiga koma. Ya ce shi dai ya faɗi tasa. Ban da ikon hana uba ɗiyarsa, sai na karɓi kasuwa huɗun.

Mako biyu yana kawo ta. Tana zama a tabarma, tana zaɓar ƙoƙo ta bar filafili, ko kallonsa ba ta yi, na ɗauke shi daga kwandon. Tana jin komai, tana yin duk abin da aka ce, har ta fara murmushi in kumfa ta fashe mini a hanci. Amma sauti ko na tari babu. Kasuwa biyu suka wuce. Sai na tambayi uban abin da ya kamata in tambaya tun ranar farko.

"Wa ke yi mata hira a gida?"

"Kowa na yi mata magana, Malama."

"Ban ce magana ba. Zo nan, tashi can, ɗauko wancan, wannan ko akuya ana yi mata. Hira na ce."

Ya ce, "Inna ce." Wato marigayiyar.

"Uwar fa?"

Ya dube ni kamar na tambaye shi ko ruwa na jiƙa mutum. "Ai ɗiyar fari ce."

Ku 'yan birni kuna cewa wannan al'ada ta mutu. Ku zo tunga ku gani. Balki, uwar yarinyar, tun da ta haife ta ba ta taɓa kiran sunanta ba, ba ta yi mata wasa, ba ta haɗa ido da ita. Ga kunyar ɗiyar fari, ga kuma sunan suruka a kanta, kunya biyu ke nan. Tun ranar yaye aka kai yarinyar ɗakin kaka, can take ci, can take kwana, can take zuba surutunta. Kakar take kira Inna, uwar kuwa Yaya take ce mata. Babu laifi a wannan tsari muddin tsohuwa tana raye. Da ta rasu aka kwashe kayan yarinyar aka mayar ɗakin Balki. Balki tana ba ta abinci, tana yi mata wanka, tana rufa mata zane, duk ba tare da ta ce mata komai ba sai "ke". Mutum ɗaya tak yarinyar take da shi na hira a duniya, ruwa ya tafi da shi, aka ajiye ta wurin wadda al'ada ta ɗaure wa baki. Ni kuma ina nan Yelwa ina hura kumfa.

Washegari na hau mashin na tafi tungar, kuma a nan na tafka wautar da nake so ku rubuta ku ajiye. Na tarar da Balki a wurin banda tana juya kifi, matan gidan kusan takwas a kewaye, har da gwaggon mijinta, wata tsohuwa mai baki irin nawa. Takwara tana raɓe jikin katangar zana. Ko gaisuwar kirki ban gama ba na ce, "Ke Balki, ga ɗiyarki can. Kira ta da sunanta, yanzu, in ji."

Ta ja gyale ta rufe fuska. Matan suka kwashe da dariya.

"Kira ta mana! Kunya ta fi miki harshen ɗiyarki? Wuƙa za a sake sa mata!"

Tsohuwar ta ajiye itacen da ke hannunta ta ce, "Sannu Malama, sannu 'yar boko. Ba ke ce Kulu ta wajen Wara ba? Na san uwarki. To ke da kin ka zo koya muna zama da ɗiya, hwaɗa muna sunan naki na fari mu ji."

Ban faɗa ba. Ɗana na fari yau gemunsa da furfura, yana da 'ya'ya shida, kuma har gobe "wancan" nake ce masa. Na tsaya da jakata a hannu matan suna ta shewa, Balki ta shige ɗaki, yarinyar ta ɓace. Na hau mashin na dawo. A makon nan Malam Sani bai kawo ta ba, ya aiko cewa na kunyata masa iyali. Kasuwa ta uku ta ci a banza, kuma ni na zubar da ita, ba wani ba. Ku ji da kyau: ba a shiga gidan mutane a ce su yar da abin da suka gada don ke kin riƙe takarda. Ko gaskiyarki ta kai tafkin nan girma, in kin kunyata uwa gaban dangin miji, kin rasa uwar, kin rasa ɗan.

Saura kwana uku kasuwa ta huɗu na koma. Wannan karon da goro na je, na fara da ɗakin tsohuwar, na durƙusa da wannan gwiwar tawa na ce na yi rashin hankali. Ta ce ai ta gani. Ta karɓi goron ta ce in shiga wurin Balki, ba mai damunmu. A bayan ɗakin Balki, ƙarƙashin wani mangwaro, na ga Takwara karon farko ba ɗankwali. Kanta ya dunƙule kamar tsohuwar igiya, kitson ya cuɗe, ga amosani, tana ta susa.

"Wannan kai fa?" na ce.

Balki ta yi magana ƙasa-ƙasa, idonta a kan tabarma. "Kitson Inna ne. Ranar da za su tahi ta yi mata shi. Ba ta bari a taɓa. Maƙwabciyarmu ta gwada, ta cije ta."

"Ke kin gwada?"

Ta girgiza kai.

Na zauna na yi ta kallon kan nan. Sannan na ce, "Ɗiyata, ba zan sake ce miki ki kira suna ba, ni ma ban iya ba. Amma ki gaya mini, a cikin abin da aka hana ki, akwai tsefe kan da ƙwarƙwata ke shirin cinyewa?"

Ta yi tunani ta ce babu. Aiki ne, kamar wanka.

"To mai kitso a ina take zama?"

"A baya."

"Kin ga ba haɗa ido. Kuma ba da ita za ki yi magana ba, da ni za ki yi. Ni baƙuwa ce, dole ki yi mini hira. Labarin surukarki nake so, don ban san ta ba."

Ranar ba mu taɓa kan ba. Na sa Balki ta ajiye mataji da kibiya da man kaɗanya a kan tabarma, na ce da ƙarfi yadda yarinyar za ta ji, "Waɗannan na tsifa ne. In mai kai ta so, a yi. In ba ta so ba, a bari." Muka yi ta hirarmu ina ɓarar gyaɗa. Balki da farko kalma ɗaya-ɗaya take fitarwa, kamar ita ce mara lafiyar. Takwara tana can jikin itace, ta juya mana baya, amma susar ta tsaya. Kunne ne ya miƙe.

Kwana na biyu ta matso ta zauna bakin tabarma tana juya kibiyar a hannu. Can ta ajiye ta kusa da ƙafar uwar. Na ce wa Balki da ido ta fara. Ta tsefe layi ɗaya, ɗaya tak, yarinyar ta zabura ta ruga. Balki ta ce, "Kin gani ko, Malama?" Na ce na gani, jiya ko kusa ba ta zo ba. Da zan tafi na haɗu da Malam Sani yana gyaran koma a bakin ruwa. Bai ɗago ba ya ce ya riga ya aika wa mutumin Ngaski, jibi da safe.

Kwana na uku, jajiberen kasuwa, bayan azahar, Takwara ta riga mu zama. Ta shiga tsakanin ƙafafun uwar ta ba ta ƙeya. Balki ta shafa mai ta shiga tsifa a hankali, tana ba ni labari. Yanzu bakinta ya saki. Ta ce tsohuwar ba ta taɓa cin miyarta ba ta ce gishiri ya yi daidai, kullum ko ya yi yawa ko ya yi kaɗan. Ta ce takan ɓoye soyayyen kifi a bakin zane ta ce na ɓera ne, alhali kowa ya san wace ɓera ce. Na ga kafaɗar yarinyar ta motsa. Balki ta ce ranar da ita ta yi naƙudar fari, tsohuwar ce ta riƙe ta tun safe har la'asar tana zaginta tana shafa mata baya. A nan ta share hanci da gefen gyale ta ci gaba. Aka gama tsifa, aka taje, gashi ya zube a tabarma kamar an yi wa tunkiya aski. Balki ta ɗauki kibiya ta tsaga daga goshi, ta kama gashin gaba ta ja.

"Ba haka Inna ka yi ba."

Muryar a dishe take, kamar ƙofar da ta shekara a rufe. Hannun Balki ya tsaya a sama. Na ga bakinta ya buɗe za ta yi salati, na watsa mata harara na ci gaba da ɓarar gyaɗata kamar ba abin da ya faru. In aka yi ihu aka tara jama'a a kan kalmar farko, yaro yakan tsorata ya mayar da ita inda ta fito. Abin da ake yi wa magana shi ne a amsa ta. Amma amsar ba tawa ba ce, kuma ba ni da yadda zan sa ta a bakin Balki. Na ɓare gyaɗa ta kai goma.

Balki ta dubi ƙeyar nan ta ce, "To ƙaƙa taka yi?"

Shekara shida, wannan ce tambayar farko da ta taɓa yi wa ɗiyarta.

"Daga baya taka farawa."

Balki ta saki gashin gaba, ta sunkuyar da kan, ta fara daga ƙeya. Har aka gama kitson yarinyar ba ta ƙara cewa komai ba, mu ma ba mu nema ba.

Kada ku ɗauka daga nan baki ya buɗe kamar famfo. Sai da muka shekara ana kawo ta. Ta yi in'ina mai tsanani wata da watanni, ta daɗe ba ta magana da kowa sai daga zaune a wurin kitso, kuma har yanzu in hadari ya haɗo iska ta taso kan ruwa takan yi tsit sai ta lafa. Amma tana makaranta, an ce har gardama take yi da malamai. Balki kuwa har yau ba ta kira sunan ba, sai dai duk mako tana tsefe kan ta sake, ko kitson bai tsufa ba. Wannan duk daga baya ne. A ranar, saura uban.

Ya shigo bayan la'asar da filafili a kafaɗa, ya ga sabon kitso ya tsaya. Na tare shi a bakin zana na gaya masa ta yi magana.

"Alhamdu lillahi! Ina take? Ke Takwara, zo ki maimaita in ji!"

"Ba za ta maimaita ba," na ce. "Ba rediyo ba ce da za ka murɗa. In ka matsa mata yau, ka mayar da mu wata biyar baya."

"To Malama, ƙaƙa zan yarda da abin da ban ji ba? Na riga na yi wa mutum alkawari gobe. Ke ai so kike ki hana."

Gaskiyarsa ce, so nake in hana, kuma ya san zan iya faɗin komai don in hana. Ba ni da shaidar da zan ba shi. Sai muka ji murya daga bakin ƙofar ɗaki. Balki ce, wadda ko sunan mijin ba ta faɗa, balle ta tsoma baki yana magana da baƙuwa.

"Ta yi magana. Da ni ta yi."

Ya juya ya dube ta, ya daɗe yana dubanta. "Da ke?"

"Da ni."

"Mi ta ce?"

Balki ta gyara gyale ta ce, "Ta ce ban iya kitso ba."

Malam Sani ya jingine filafilin a zana, ya zauna a kan turmi, ya rufe fuska da hula. Kafaɗunsa suna rawa, ban sani ba ko dariya ce ko wani abu, ban kuma tambaya ba. Da ya sauke hular ya ce, "Haka take. Haka Inna ma take, ba a iya musu." Ya ce zai aika Ngaski a ce wa mutumin ya yi haƙuri. Sannan ya dube ni ya ce, "To Malama, goben mi za mu yi?"

Na ɗauki jakata na ce, "Kasuwa za ka, kai kaɗai. Ka sayo wa matarka mataji na kirki, wannan haƙoransa uku sun karye a kan ɗiyarka."